Shin 4294967297 tana rabuwa ko ba ta rabuwa?

Ɗan Birni: Jama'a, na tsaya a kan maganata ta jiya a fada. Lambar 4294967297 ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Ku buga 2 sau 2 sau 2, har 2 ta bayyana sau 32, ku ƙara 1, ita ke nan. 'Yan uwanta biyar da suka riga ta, waɗanda ake samu ta wannan hanya in 2 ta bayyana sau 1, 2, 4, 8 da 16, wato 3, 5, 17, 257 da 65537, duk ba sa rabuwa. Fermat, masanin lissafi na Faransa, ma haka ya ɗauka tun 1640.

Mai shago a Kasuwar Dole: Ni ina bayanka. Ba ta ƙare da lambar da 2 ko 5 za su raba ba. Na tara alƙalumanta sun ba ni 59, ke nan 3 ma ba ta shiga.

'Yar Zango: Alhaji, miliyar huɗu da ɗoriya fa. Gwajin 2, 3 da 5 bai isa a yanke mata hukunci ba.

Mai shago: Ƙanwata, abu ya tabbata sau biyar a jere, me ya rage?

'Yar Zango: In ka buɗe buhu biyar na gero ka iske su lafiya, za ka biya kuɗin na shida ba ka soka shi ba?

Malamin lissafi: Tana da gaskiya. Ku buga 641 sau 6700417 a wayarku. Za ku ga ta ba ku 4294967297. Masanin lissafi Euler ne ya gano haka a 1732. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake kamo 641 ɗin. An tabbatar cewa duk lambar da ba ta rabuwa da za ta raba wannan, dole in an raba ta da 64 a sami saura 1. Nan take dubban lambobi suka fita daga layi. Waɗanda suka rage daga farko su ne 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji na biyar ya fasa ta. Da alli da allo ma za a iya.

Ɗan Birni: Na buga, Malam, ta fito daidai. Amma ban yarda a ce Fermat ya yi sakaci ba. Zato ya yi, kuma ya faɗa da kansa cewa bai kammala hujja ba.

Malamin lissafi: Babu mai zarginsa. Ƙorafina a kan masu ɗaukar zatonsa kamar hukunci ne. Har yau, bayan 65537 ba a sake samun ko ɗaya a jerin nan da ba ta rabuwa ba, duk da ƙarfin kwamfutocin zamani.

Mai shago: To ke nan biyar ɗin ne kawai, a rufe magana.

'Yar Zango: A'a Alhaji, ka sake komawa inda ka fito. Rashin samunta ba hujja ba ne cewa babu ta shida. Wannan ma ba a tabbatar ba tukuna.

Ɗan Birni: Malam, ranar Asabar ka zo fada da alli. Ina so in ga dalilin saura 1 ɗin nan a rubuce.