Fayba, 5G ko Starlink: wanne ya fi tsaro a gida?

Maman Ummi: Salamu alaikum jama'a. Mun tare a Lugbe, maigida ya ce in zaɓa tsakanin fayba da rautar 5G, ga kuma maƙwabcinmu yana da Starlink, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan'adam, ya ce mu riƙa haɗa kuɗi ya jawo mana waya. Ni tsaro ne damuwata, atamfa nake sayarwa a waya kuma duk ciniki da tiransfa ta nan suke bi.

Injiniya: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Gaskiya ukun nan ba su da wani babban bambanci ta wannan fannin. Fayba haske ne ke bi ta cikin zaren gilashi, da wuya wani ya ɗana mata kunne, 4G da 5G a kulle bayanan suke tafiya tsakanin layinki da hasumiya, Starlink ma da ya shigo Najeriya a 2023 haka yake. Inda ɓarawo ke shigowa shi ne rautar da ke falonki, mutane sai su bar sunan shiga saitinta da faswod ɗinsa a admin admin yadda kamfani ya kawo, ko su sa lambar wayarsu a matsayin faswod ɗin wayfay, wanda rabin unguwa sun haddace.

Baban Sadik: Amma Hajiya maganar maƙwabcin nan a bar ta. Ba zargi ba ne, amma mai rauta shi ke da makulli, zai iya ganin sunayen shafukan da kuke shiga ko da bai ga abin da ke ciki ba, kuma wayoyinku da na duk wanda ya ba faswod layi ɗaya kuke.

Maman Ummi: Har manhajar banki??

Injiniya: A'a, ita a kulle take, amma duk da haka ki mallaki naki. Ki juya rautar, a ƙasa akwai sitika mai adireshi irin 192.168.0.1, ki rubuta shi a burauza ki shiga ki canza faswod ɗin admin, a nau'in makullin wayfay ki zaɓi WPA3 in akwai, in babu WPA2, ki kashe WPS, wato hanyar haɗa waya da wayfay ta danna maɓalli ko sa gajeriyar lamba maimakon faswod, don tun 2011 aka gano raunin lambarsa. Baƙi da yaran shago a buɗe musu layin baƙi daban.

Anti ta Gwarimpa: Mu fayba muke da ita kuma ina jin daɗinta, matsalar kawai in ana aikin titi aka datse waya sai a wuni babu, shi ya sa na ajiye ƙaramar mifi, wato rautar aljihu mai amfani da sim. In kina da kyamarar CCTV ita ma a canza mata faswod don Allah, ita aka fi mantawa.

Baban Sadik: Ƙwarai. Kuma kada a sayi tsohuwar rauta ta hannu da ta daina samun afdet saboda arha.

Maman Ummi: Na gode, Allah ya bar zumunci. Zan bincika ko fayba ta iso layinmu, in ba ta iso ba 5G zan ɗauka. Injiniya in aka kawo zan turo hoton shafin saitin ka nuna min inda WPS ɗin yake.

Injiniya: Ba damuwa, amma ki rufe faswod ɗin da yatsa kafin ki ɗauka.