"Da na sani ƙeya ce": gargaɗi ne ko lallashi?

Ɗan Suru:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah a warware min wannan karin maganar, "da na sani ƙeya ce, a baya take". Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadama a Kebbi ta haɗa da tawa, saura ƙiris a yanke, tsohona ya ce mu sa lauje tun ranar Talata ko ba ta gama nuna ba, ni na ce a ƙara mata kwana huɗu, daren Alhamis ruwa ya shigo, da gari ya waye sai kan zangarniya kawai kake hangowa yana lilo a saman ruwa. Wallahi har yau in na kwanta sai na kama ƙirga buhunan da zan samu da na ji maganarshi. Shekaranjiya kawuna ya tarad da ni bakin injin ban ruwa na yi tagumi, injin ya mutu ban ma sani ba, sai ya faɗi karin maganar nan ya wuce. Faɗa ya min ko haƙuri ya ba ni?

Malamin Hausa, Jega:
Wa alaikumus salam. Asalinta gargaɗi ce ƙanena. Ana faɗa ma mutum ita kafin ya aikata, wato ka yi tunani yanzu don nadama ba ta zuwa da wuri, sai aikin gama ya gama take isowa, kamar yadda fuska ke riga ƙeya shiga ɗaki. In an faɗa ma wanda abu ya riga ya sama to akwai ɗan zargi ciki gaskiya.

Maman Hanifa:
Allah gafarta Malam ban yarda duka ba. Mu a Argungu innata in ta ga an zauna ana ta juya abin da ya wuce ita take faɗi, kuma nufinta a bar zancen. Wa ya taɓa ganin ƙeyarshi? Kana tafe da ita ko'ina amma ba ka kallonta, wanda ya dage sai ya ganta wuyanshi zai murɗe a banza. Ni na yi shekara biyu ina da na sani kan wani aure da na ƙi sauraron kowa na yi, ina cikin haka ɗiyata ta fara tafiya, maƙwabciya ta shigo ta faɗa min, ni ina ɗaki ina kuka. Wannan ya fi auren ci min rai.

Bayawuri:
To amma Hajiya ina za mu kai "waiwaye adon tafiya"? In Ɗan Suru ya manta da 2020 kwata-kwata ai gobe ma zai sake ƙara kwana huɗu.

Maman Hanifa:
Waiwaye fa aka ce, ka juya ka duba ka ci gaba da tafiyarka. Wanda ya ja ya tsaya ya ba hanya baya ai ya daina tafiyar, ina adon yake?

Malamin Hausa, Jega:
Nan kin kama ni Hajiya, ban musu. Kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana mutum in wani abu ya same shi ya ce "da na yi kaza da kaza ya faru", sai dai ya ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata, don "da" ɗin nan tana buɗe ma shaiɗan ƙofar aiki. Kafin nan kuma hadisin cewa ya yi ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gaza. Amma dai ina nan kan bakata, wurin da aka fi amfani da karin maganar shi ne jan kunne.

Bayawuri:
Ni matsalata ta gaba ce ma, ba ta baya ba. Kuɗin fetur na noman rani, taki, ko ruwa zai sake zuwa bana, tun ban yi dashe ba na fara rashin barci. In na yi magana a ce min gobe ta Allah ce, ni kuma ina tsoron kar kalmar ta zama lasisin kwanciya.

Ɗan Suru:
Yaya Bayawuri kawun nan nawa shi ma yakan ce gobe ta Allah ce, amma shi ke riga kowa isa fadama, kuma tun bayan ambaliyar ya raba gonarshi, rabi a tudu rabi a ƙasa. Ban taɓa jin ya ambaci buhunan da ya rasa ba alhali ya fi ni asara nesa ba kusa ba. Yanzu da nake rubutun nan na tuna bayan ya faɗi maganar bai wuce kai tsaye ba, sai da ya duƙa ya ja igiyar injin ya tashi, ya gyara bakin tiyo ya koma kan kwamin da ya bushe.

Maman Hanifa:
To ka tashi ka je ka duba ko ruwan ya kai ƙarshen gonar, Malam kuma gobe ya kawo mana wata mu yi ta.