Bit ɗina duk sun dakushe, ana iya wasa su?

Abban Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mani da shawara. Bara na saida filin da na gada wajen Baba na sayi injin CNC, mai sassaƙa katako da kwamfuta, abin da har yau yayata ba ta daina yi mani gori a kai ba, wai na musanya ƙasa da ƙarfe. Shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura. Yanzu na karɓi aikin allon gado da ƙofofin wadrob na amarya, ɗiyar maƙwabcin surukina, saura kwana tara a yi jere, kuma na riga na ci rabin kuɗin. Bit ɗina, wato bakunan da injin ke yanka da su, duk sun dakushe. In bit ya shiga katakon MDF sai ƙauri ya tashi, gefen zanen ya yi baƙi ya yi gashi-gashi. Na kai guda huɗu wurin wani dattijo mai wasa wa mahauta wuƙaƙe, sun dawo sun fi da lalacewa. Ana wasa su kuwa, ko asara ce kawai?

Injiniya Sada: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ba mu tarihin gado amma ba ka ce wane irin bit ba ne. Miƙaƙƙe ne, V ne, ko mai murɗi? In dai na CNC ne, kusan duk kabaid ne, wani irin ƙarfe mai tsananin tauri, shi kuwa kabaid ya fi dutsen washi na wuƙa tauri nesa ba kusa ba. Dutsen ba ya cinsa, sai dai ya ɓantare mashi baki. Daimon kaɗai ke wasa shi yadda ya kamata. Waɗancan huɗun ka yi masu addu'a.

Lawal Kafinta Daura: Allah Ya mayar da alheri. Kai naka ma dakushewa suka yi. Ni yaran shago ne ke kwashe mani su. Na koya wa yaro aiki shekara uku, ranar da zai tafi har kwalet ɗin da ke riƙe bit a injin bai bar mani ba. Yaran yanzu sai addu'a.

Abban Walida: Yallabai, dattijon nan shekara da shekaru yana wannan sana'a, ba wanda ya taɓa kuka da shi. Ina ganin bit ɗin ne jabu.

Injiniya Sada: Ba a ce bai iya wuƙa ba. Ji nan. Kafin washi, duba ko dakushewar gaske ce. MDF garin katako ne da gam, gam ɗin na manne wa bakin bit ya yi ɓawo mai launin ƙasa, ka ɗauka kaifi ya tafi. Jiƙa shi a kananzir, ka goge da tsohon burushin haƙori, sannan ka ɗaga shi a rana. In gefen kaifin yana ƙyalli kamar zare, ya mutu. In ba ya yi, datti ne. Miƙaƙƙe da V kana iya taɓa su da magagarin daimon mai laushi, lamba 600, da ɗan ruwa, kada ka shaƙi ƙurar. Fuskar ciki mai shafe kaɗai za ka goga. Ka ƙirga: in ka ja wannan haƙori sau goma, ɗayan ma goma, in ba haka ba haƙori ɗaya ne zai riƙa yanka, injin ya yi ta rawa. Bayan bit ɗin kada ka taɓa, nan faɗinsa yake. Mai murɗi kuwa ba aikin hannu ba ne, sai injin washi na musamman.

Abu Fanta: Duk wannan dogon turanci ne. Shiga mota ka je Kano, Sabon Gari, ka sayo sababbi ka dawo kafin magariba. Ƙaramin bit mai mili 6 kuɗin washinsa da wahalarsa sun fi kuɗinsa.

Lawal Kafinta Daura: Ni kuwa da garanda nake ɗan taɓa nawa, kuma suna ci.

Injiniya Sada: Malam Lawal, naka na injin hannu ne, ƙila ma ƙarfen HSS ne, wanda bai kai kabaid tauri ba, shi dutse yana cinsa. Kuma hannunka na gyara kuskure. Kwamfuta ba ta da wannan hankalin. An ce mata bit mili 6 ne, ta yarda, ko da washi ya mai da shi 5.8. Sai ka ga rami ya tsuke, katako ya ƙi shiga. Duk bit da aka wasa a auna shi, a canza lambar a manhajar zanen, ArtCAM ko Aspire. Abban Walida, nawa kake sa juyawa, nawa tafiya?

Abban Walida: Juyawa 24,000 a minti, iyakarsa ke nan. Tafiyar kuma na rage ta sosai don in lallaɓa bit ɗin.

Injiniya Sada: To ga ɓarawonka. Yana juyawa da gudu yana tafiyar hawainiya, ba yanka yake ba, guga yake. Zafin da ya kamata ya fita tare da ɓarɓashi sai ya zauna a bakinsa. Sauko da shi 18,000 ka ƙara tafiya. Kai kake kashe su da kanka.

Abban Walida: Da girmanka Yallabai, wanda ya haɗa mani injin haka ya saita shi, kuma wata takwas ina aiki lafiya. Da na taɓa ƙara gudu bit ya karye.

Abu Fanta: Ai na faɗa maka, Kano.

Abban Walida: Kuɗin motar ma sai na ranta. Akwai wanda ya san ko dattijon nan zai iya in na sayo mashi daimon ɗin?