Bursin Turkiyya a Facebook: mu ƙara biya ko mu dakata?

Hadiza: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ƙanena yana shekara ta uku a jami'ar André Salifou ta Damagaram, bana zai gama lisans. Tun rasuwar baba ni da inna ke ɗauke da karatunsa, ita da ɗan tallarta a kasuwar Dole, ni da keken ɗinki, kuma yaron bai taɓa maimaita aji ba, kowa a unguwa shaida ne. Ya ga sanarwar bursin mastar na Turkiyya a Facebook, muka aika jika 35 na dosiye da hoton paspo. Jiya an turo takardar karɓa mai tambari, wai jika 120 na biza kafin Juma'a, in ba haka ba a ba wani gurbin. Inna har ta fara maganar sayar da tumakinta.

Malam Lawali: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ku ƙara aika ko dala. Bursin gwamnatin Turkiyya kyauta ake nemansa, a adireshi guda, turkiyeburslari.gov.tr, kuma ɗalibi da kansa yake buɗe asusu ya loda takardunsa. Ana karɓar dosiye daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabarairu. Mastar na son maki 75 cikin 100 da shekaru ƙasa da 30, kuma sai an kira mutum ganawa kafin a ce ya ci. Wanda ya ci, su ke biyan tikitin jirgi, masauki, inshorar lafiya da shekarar koyon yaren. Ƙanenki ya yi ganawa? Wa ya karɓi kuɗin, da wane suna?

Hadiza: Malam, ba a yi ganawa ba, mutumin ya ce yana da hanya a ciki. Amma ƙanena ba jahili ba ne, kullum yana kan intanet, kuma shafin na da mabiya sama da dubu ashirin.

Malam Lawali: Mabiya sayensu ake yi. Ya shiga shafin, ya danna "À propos", sannan "Transparence de la page". Nan zai ga ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa, wani lokaci har ƙasar masu tafiyar da shi. Sai ya sa hoton takardar a Google Lens, manhajar neman inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa ita ce ke yawo da sunaye daban-daban. Ya kuma duba imel ɗin da ya turo ta: hukuma ba ta rubuto wasiƙa da Gmail. Yaranmu sun iya latsa waya, abin da ba a koya musu ba shi ne barin shafi su je su tambayi mai abin.

Issa: Laifin ɗalibai kaɗai? Sanarwar jarrabawa ma hoton allo ce da delege ke jefawa a guruf, babu kwanan wata, babu sa hannu. Yaro ya saba gaskata irin wannan shekara uku. Ga kuɗin koneksiyon, wa zai ƙone megarsa yana bincike?

Hajiya Rabi: Hadiza 'yata, ki sa lambar mutumin da hotonsa a Facebook duniya ta gani. Irinsu kunya kaɗai suke tsoro.

Malam Lawali: Hajiya, a yi haƙuri, wannan ba shawara ba ce. Hoton da ke kan lambar galibi na wani bawan Allah ne aka sato. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 tana hukunta ɓata suna, kuma a 2024 an maido mata da ɗauri. A ɗauki hoton hirar duka yadda lamba da kwanan wata za su fito, a haɗa da resin kuɗin, a kai ƙara komisariya. Kada a toshe shi sai an gama tattarawa. In ya ce a turo masa wasu lambobi shida da suka shigo ta SMS, WhatsApp ɗin yaron yake son ƙwacewa, daga nan ya bi abokan ajinsa da roƙo.

Issa: Ƙara kan jika 35? Zirga-zirgar kabu-kabu za ta cinye rabi. Ku toshe shi kawai, yaron ya leƙa ANAB, hukumar bursi ta ƙasa, ya tambayi bursin haɗin gwiwa.

Malam Lawali: Hoton paspo fa da ke hannunsu? Takardar ƙara ce za ta kare yaron in aka yi wata ɓarna da sunansa.

Hadiza: Na gode muku. Amma akwai abokinsa da ya ce wani ya tafi ta hannun mutumin nan bara. Yanzu mutumin ya turo murya, ya ce mu kawo jika 80, sauran in yaro ya sauka. Ƙanena ya ce mai damfara ba ya ragi.

Malam Lawali: Wanda ya tafin, waye sunansa, wace jami'a yake? A kira shi da bidiyo.

Hadiza: Zan tambaya. Inna dai ta ce gobe za ta kira dillali.