Gwajin Pap ɗina ya nuna AGC, in jira ko in koma asibiti?

Maman Biyu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na yi gwajin Pap, wato gwajin duba lafiyar bakin mahaifa, takarda ta fito an rubuta AGC. Shekarata 41, ba inda ke min ciwo, sai dai 'yan watannin nan nakan ga ɗigon jini tsakanin al'ada. Likita ya ce in dawo a leƙa bakin mahaifa da na'ura, a kuma ɗebi ɗan nama daga ciki. Yayata ta ce nata ma ya taɓa nuna matsala, aka ce ta sake bayan shekara, kuma ya wuce. To ni me ya sa sai an ɗebi nama? Ko kansa ce ake ɓoye min?

Sista Ungozoma:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, AGC na nufin an ga wasu ƙwayoyin halittar mahaifa da kamanninsu ya sauya, ba ya nufin kansa. Amma kada ki bi sawun Yaya, da alama nata daban ne. Ƙwayoyin bakin mahaifa iri biyu ne. Na waje shimfiɗaɗɗu ne, ƙananan sauye-sauyensu sau da yawa jiki ke gyarawa da kansa. Naki na cikin mashigar ne, masu fitar da ruwan yauƙi, kuma burushin gwajin bai cika kaiwa can sosai ba, don haka sake Pap ba zai ba ki amsa ba. Wani lokacin ma daga cikin mahaifar suke gangarowa. Shi ya sa duk wadda ta kai 35, ko take ganin jini ba a kan ka'ida ba, ake ɗiban samfuri har daga bangon mahaifa. Ke kuwa kin haɗa duka biyun. Ki nemi a haɗa miki da gwajin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa kansar bakin mahaifa, domin nau'inta na 18 yana da alaƙa sosai da kansar wannan ɓangaren.

Malamar Lab:
AGC bai kai kashi 1 cikin 100 na gwaje-gwajen Pap ba. A wani bincike na Suwidin da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2016, kan mata sama da miliyan 3, kusan kashi 1.4 cikin 100 na masu AGC ne aka samu da kansar bakin mahaifa a watanni 6 na farko. Kin ga mafi yawa ba su da ita. Abin da ya fi damuna shi ne kashi 54 kawai aka ɗebi namansu a wannan lokacin, haɗarinsu kuma ya ci gaba da fin na masu sakamako mai kyau har kusan shekara 15.

Hajiya Babba:
'Yata, ni ma na ga wannan takardar. Ɗiban naman kamar murɗawar ciwon mara ne, kafin in gama salati an gama, sai ɗan jini a audugar da suka ba ni. Ashe ɗan tsiron nama ne, aka cire. In kina zargin ciki ki faɗa musu tukuna, ba a ɗiba daga ciki ga mai juna biyu.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, ranar da aka ba ni ta faɗo cikin al'adata, in je haka?

Sista Ungozoma:
Kira su ki faɗa musu. In jinin na zuba sosai sukan ɗan matsa ranar don a gani da kyau, amma kar ki bar wayar sai an ba ki wata.