In kama ɗaki ko in sayi keken ɗinki in jira tallafin? Wa'adina ya kusa

Mai Takalmi T/Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shan inna ce ta kama ni tun ina yaro, gyaran takalmi nake yi a bakin titi a Tudun Wadan Zariya. Shekara tara ni da mahaifiyata muna ɗaki ɗaya. Mai gidan ya rasu, magada sun sayar, wanda ya saya ya ba mu zuwa ƙarshen watan gobe. Dubu 170 ke hannuna, na adashi da na akuyar Inna. Wani ya ce in ba shi dubu 20 ya sa sunana a takardar tallafin masu buƙata ta musamman, wai an kusa fara biya. To, in kama ɗaki in zauna ba jari? Ko in kai Inna wurin ƙanwarta a Soba, ni in riƙa kwana a shagon abokina, in sayi keken ɗinkin takalmi, in ba mutumin nan nasa? Ɗakin dole ya zama ba matakala, kuma lungun ya ci kekena na guragu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini gaskiya.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Akwai ɗaki a saman bene kusa da mu, dubu 250, har da banɗaki a ciki. Da kyau sosai.

Bazazzagiya: Kai Ɗan Samaru, ka karanta kuwa? Mutum ya ce ba matakala, ka kawo masa bene, ya ce 170 ka kawo 250. Samaru ai farashin ɗalibai ne. Ni a bayan Gyallesu dubu 80 nake biya.

Abban Walid: Wane dubu 80? Sai dai in tsohuwar haya ce ta mutunci. Watan jiya na kama wa ƙanena a Tudun Jukun, 130 ban da na dillali, kuma rijiya ce ba famfo.

Maman Sadiya: Ɗana, don Allah kada ka rabu da rufin kwano. Ka ji daga bakin wadda ta gani. Maigidana direba ne, a 2019 ya yi haɗari a hanyar Kaduna, ƙashin baya ya taɓu, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Muka sayar da fili, muka sayar da gadona da kujeru. Kuɗin haya ya zo hannunmu daidai lokacin da wani ya zo da irin maganar da aka yi maka. Dubu 15 muka ba shi, muka ci sauran a magani da abinci, tunda an ce wata mai zuwa za a fara biya. Sau huɗu na cike takarda a wani ofishi. Kowane zuwa sai an ɗauko shi ranga-ranga an sa a Keke Napep, don sun ce sai sun gan shi da ido. Abin da muka taɓa samu shi ne ƙaramin buhun shinkafa, aka tsai da mu a rana aka ɗauki hoto. Mai gida ya yi haƙuri wata biyar ya gaji. Damina guda muka yi a kangon wani bawan Allah can gaba da Ɗan Magaji, ba ƙofa ba taga, buhu muka rataya. Ruwa ya tsuge cikin dare, ni da 'yata mu kama tabarmarsa mu ja shi zuwa kusurwar da ba ta zuba. Bayansa ya ɓare da gyambo saboda kwanciya a sanyi. Yana kallon gidaje masu bene da fitila daga inda yake kwance, ya ce mini "Ladi, a garin nan aka haife ni fa." Bara ya rasu. Har yau ina jin maganar nan.

Abban Walid: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kaffara ce.

Bazazzagiya: Allah Ya gafarta masa Mama. Danginsa fa?

Maman Sadiya: Wata uku na farko gidan cike yake da 'yan dubiya. Daga baya waya ma ba ta shiga. Ban riƙe su ba, kowa da nasa. Amma akwai wansa da ke da gidan haya ɗaki shida, wannan kam na bar shi da Allah.

Malam Lauya: Allah Ya jiƙan rai. Bari in gyara wani abu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keke, kuma a 2020 aka kafa hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Amma ba ta yanka wa kowa albashin wata-wata ba, nan mutane ke ruɗewa. Kuɗin da ake ji, dubu biyar-biyar na zamanin Buhari da dubu 25 sau uku na gwamnatin Tinubu, na gidajen talakawa ne da ke cikin rajista, kuma shiga rajistar ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya ce ka kawo dubu 20 ɓarawo ne. Ka tabbatar kana da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun banki da sunanka, ka bi ta ƙungiyarku.

Baba Makaho K/Doka: Jikana ne ke rubuta mini. Malam, ka iya doka, Allah Ya ƙara ilimi. Ka taɓa kwana a barandar masallaci da hunturu? Tun 2015, bayan bam ɗin Sabon Gari, aka hana bara a jihar nan. Ba mu ce bara abin alfahari ba ce, amma da aka hana me aka ɗora mu a kai? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A bar mu mu ba yaron nan shawara.

Malam Lauya: Baba, Allah Ya huci zuciyarka, ban zo gardama ba. Ƙanwata kurma ce, ni nake yawon takardunta. Kuma ai magana ɗaya muke yi, kada ya ba da kuɗin.

Hajara Wusasa: Ni dai maƙwabciyata ta samu dubu 25 sau ɗaya, ba ta ba kowa komai ba. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma dubu 25 buhun me za ta saya yanzu?

Bakano a Zazzau: Mai Takalmi, taho Kano kawai. Zazzagawa sai karatu da dogon Turanci, an tambayi ɗaki sun buɗe maka kotu.

Bazazzagiya: Ji bawanmu! Ka cika cikinka da tuwonmu ka samu bakin magana. Mama na ba da labarin rasuwa kai kana wasa.

Bakano a Zazzau: Tuba nake, Mama a yafe ni. Amma da gaske, keken ɗinkin takalmi na hannu bai fi dubu 60 ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abban Walid: Dubu 60 a wace shekara? Wanda na gani a Sabon Gari 110 suka ce.

Mai Takalmi T/Wada: Na gode, mutumin kam ba zan ba shi ba. Mama, na yi kuka da labarinki. Bazazzagiya, lungun naku keke yana shiga? Jiya na je duba wani ɗaki, kwata ce a ƙofar gidan, sai da yara suka ɗaga ni. Zuwa da dawowa kuma ya ci mini dubu 2, don mai Napep ya ce kekena kujerar mutum biyu ce.

Hajara Wusasa: Wannan abu yana ci mini rai! Yayana da sanda yake tafiya, in ya tsaya a Kwangila sai masu Napep biyar sun wuce shi kamar ba su gan shi ba. Wai zai ɓata musu lokaci wurin hawa.

Baba Makaho K/Doka: Mu kuɗi biyu muke biya kullum, nawa da na ɗan jagora.

Ɗan Sahu PZ: A yi mana adalci dai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kun san nawa muke shan mai a rana? Ga balas na mai Keke da yamma, ga tikiti. In na naɗe keken guragu na sa a baya, fasinja biyu na rasa. Ni ina ɗauka don Allah, amma ba kullum zan iya ba.

Maman Sadiya: Ɗana ɗan sahu, ku da mu duk rana ɗaya ke dukanmu. Amma wanda ya karɓi dubu 3 ya kai mai jinya asibitin Shika yana ganin mutum kwance, shi ma man ne?

Ɗan Sahu PZ: Daga ina ya ɗauko ku tukuna, Mama? In shata ce daga Ɗan Magaji, wallahi bai cuce ku ba.