Daga Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi?

Maman Twins, Kabuga:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka saba tafiya ku taimaka min, zan raka Hajiyarmu Umara ne kuma tana fama da ciwon gwiwa ga suga, to a tikitin da ejan ya turo naga an rubuta za mu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 11 na safe mu sauka Jidda 6 na yamma, wai awa 7 kenan a zaune? Wlh hankalina ya tashi don bata iya dogon zama.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki Hajiya, ba awa 7 bane. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2 kuma a tikiti lokacin ƙasar da za a sauka ake rubutawa, kinga 6 ɗin can 4 ce a nan, awa 5 kenan. Nisan ma in an miƙe kusan kilomita 3,400 ne, ta saman Chadi da Sudan a tsallaka Bahar Maliya, da can awa 4 da rabi an isa. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu jirage suka koma zagaye, shi yasa tafiyar ta ƙara tsawo, har kuɗin kujerar alhazai sai da ya taɓa a shekarar.

Baba na Kwari:
Ni abin da zan ce ki duba da kyau, kai tsaye ne ko akwai tsayawa? Don in ta Addis Ababa ne ko Alƙahira to lissafin ya canza gaba ɗaya, mutum zai iya shafe rabin yini a filin jirgi yana jiran na biyu, tikitin yafi araha amma ga tsohuwa mai ciwon ƙafa gaskiya ban ba da shawara ba, gara a ƙara kuɗin a huta.

Ummu Khadija:
Yar uwa ki sa ejan ya nemar mata keken guragu tun yanzu, ana rubutawa a jikin tikitin. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda girma gare shi, tafiyar ƙafar da layin biza su suka fi zaman jirgin wahala. Maganin sugarta ya zauna a jakar hannu kar a auna shi da kaya, ki sa mata dabino ko biskit a ciki, kuma ki roƙa mata kujerar bakin hanya yadda zata riƙa miƙewa tana ɗan takawa. In Makka za ku fara ku shirya tun daga gida don a sama ake wuce miƙati, ana sanarwa a cikin jirgin sai ku yi niyya.

Maman Twins, Kabuga:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na duba kai tsaye ne Alhamdulillah. Yanzu zan kira ejan ɗin akan maganar keken.